Tocilar Sista Magdalene da Hannun Hansatu

Ƙarfe bakwai ba ta taɓa yi wa Sista Magdalene Kure a gida ba. Kafin nan ta sauko daga motar Nyanya, ta buɗe ɗan asibitin ma'aikata da ke Garki, ta ɗora tukunyar dafa allurai, ta share bakin ƙofa da kanta, wai tsintsiyar masu shara ba ta san lungu ba. Sannan ta zauna da 'yar tocilarta a aljihu tana jiran wanda Allah ya kawo. Shekara talatin da biyar tana aikin nas, tara na ƙarshe a nan Abuja, tun Garki tana jar ƙasa da ƙarar katafila. A wannan watan ta ajiye aiki, kuma ba ni so ta koma ƙauyensu shiru kamar ba a yi ta ba.

Ku tambayi Hansatu Bello, mai buga tafireta a ofishin da ke kula da takardun ma'aikata. Bara, da gwamnati ta kwaso kujerarta daga Legas, Hansatu ta biyo motar fayil da 'ya'yanta uku marayu. Aiki ya yi mata rubdugu, tun safe har la'asar yatsu ba su huta ba. Sai wani ƙululu kamar ɗan goro ya fito mata a bayan wuyan hannun dama. Ta rufe shi da agogo, don ana ta raɗe-raɗin duk wadda hannunta ya yi sanyi za a sallame ta.

Babban akawunsu, Zacharias, shi ya gano. Mutumin kirki ne, sai dai akwai karambani.

"Wannan ai ba ciwo ba ne," in ji shi. "A Legas mutum huɗu na fasa wa. Sa hannu a tebur, ki juya fuska."

Ya ɗauko kundin dokokin aikin gwamnati, mai kaurin bulo, ya sauke mata a kan ƙululun. Ƙululu bai ko gezau ba, hannun ne ya kumbura har yatsu suka ƙi lanƙwasuwa. Matan ofis suka ƙara da nasu: abin da ya ƙi fashewa ciwon daji ne, yanke hannun za a yi. Da wannan tsoron ta iso wurin Sista.

Sista ba ta yi mata faɗa ba. Ta ja labule ɗakin ya yi duhu, ta kafa bakin tocila a gefen ƙululun. Sai ga shi ya ɗauki haske ja, har ɗaya gefen.

"Duba da idonki, 'yata. Kin ga haske ya wuce? Ruwa ne a ciki, daga gaɓa yake taruwa. Da tsoka ce da ba zai wuce haka ba. Likita zai zo ran Alhamis ya tabbatar, amma yau ki je ki ci abinci."

"Mama, ba za a yanke ba?"

"A yanke me? Agogon nan kawai za a cire, yana matse ki."

Hansatu ta ce a nan ta yi kukan da ta kwana goma tana haɗiyewa.

Ran Alhamis likita ya duba, ya zuƙe ruwan da sirinji, mai yauƙi kamar farin ƙwai. Sista ta ɗaure hannun, ta faɗi gaskiyar da wasu ke ɓoyewa: abin nan yakan dawo. In ya dawo ba ciwo, a ƙyale shi. In yana ciwo ko yatsu suna mutuwa, akwai ƙaramin aiki da ake yi. Amma dole hannun ya huta mako biyu.

Nan Hansatu ta ce ai gara a kwance ɗaurin, oganta ba ya jin kalmar hutu. Da aka tashi, Sista ta ɗauki takardar likita, ta taka da ƙafa har sakatariya cikin rana, ta hau bene hawa huɗu da gwiwoyinta masu ciwo. Waɗanda ke wurin sun ce ko murya ba ta ɗaga ba.

"Oga, mako biyu za ka rasa ta, ko kana so ka rasa ta gaba ɗaya? Zaɓi naka ne."

Oga ya sa hannu. A hanyar fita ta tsaya gaban Zacharias, ta dafa kundin nan. "Baba akawu, wannan na karantawa ne." Har yau kansa na sunkuye in an tuna masa.

Bayan wata huɗu ƙululun ya dawo, ƙarami, ba ciwo. Sista ta ce a bar shi, kuma kafin damina ta fita ya baje da kansa.

Sista, ke ce mai nuna wa mara lafiya ciwonsa kafin ki taɓa shi. Ke ce kika san tsoro ma ciwo ne, kuma shi kike fara yi wa magani. Uwar marasa gata a garin baƙi, ina jin zafin tafiyarki, ba zan ɓoye ba.

Makon jiya takardar ritayar Sista ta faɗo teburin Hansatu, ita aka ce ta buga. Ta buga tsaf ba kuskure ko ɗaya, ta kai mata da kanta.

"Mama, da na san abin da zan buga da hannun nan ke nan, da ban kawo miki shi ba."

Sista ta kama hannun ta juya shi, ta latsa wuyansa da babban yatsa. "Lafiya lau yake," in ji ta.

Mun gode, Sista Magdalene. Allah ya ba ki hutu mai daɗi da gwiwoyi masu sauƙi. Ku kuma da kuka gaji farar rigar, garin nan zai ci gaba da cika da mutanen da ba su da kowa. In ɗayansu ya miƙo muku hannu, ku zaunar da shi, ku gaya masa gaskiya, in ta kama ku hau masa bene.