Likita Ya Ce Bai Sani Ba, Suka Ce Ni Ce

A shekarun da kuɗin fetur ya buɗe, kowa na sayen babur da rediyo, ni matar aure ce a Tambuwal da 'ya'ya biyu, daga Kebbe aka kawo ni. Mijina malami ne mai karantar da manya a zaure, mutum mai sanyin hali, ko kaza bai iya kora da ƙarfi. Sai ya fara ciwon kai da amai da safe, yana kakarewa a tsakiyar surar da ya haddace tun yana yaro, daga baya har ashar yake yi a gaban ɗalibansa. Wallahi kunyar nan ta fi ciwon ci mini rai.

Ƙanensa, wanda ya ɗan taɓa boko, ya kai mu wani babban asibiti aka ɗauki hoton kan. Likita ya ɗaga hoton ga haske, ya daɗe yana Turanci. Wata ma'aikaciyar jinya ta ja ni gefe ta yi mini bayani, cewa akwai ƙari a ƙwaƙwalwarsa, amma ƙarin iri-iri ne, kuma a hoto suna kama da juna. Wani magani na narkar da shi, wani sai an yi aiki, wani ba ya jin komai. Likita bai san wanne ne ba sai an kai mijina Kudu an buɗe kan an duba. Da muka dawo, ƙanen nan, ko tsoron a fasa kan yayansa ne, oho, ya tara dangi ya ce likita da bakinsa ya ce bai san ciwon ba. Tsohuwarsu ta tafa hannu ta ce ashe ba na asibiti ba ne. A wajenmu ma'anar wannan magana ɗaya ce, hannu aka sa masa. To wa ke dafa masa abinci? Ni.

Na rantse, na yi kuka, na maimaita abin da aka gaya mini, suka ce yaushe 'yar ƙauye ta fara jin Turanci. Aka sa ni a motar kasuwa zuwa Kebbe, aka riƙe yarana. Shi kuwa aka shiga yi masa hayaƙi da ƙaho har idanunsa suka tafi. Rasuwarsa a bakin 'yan kasuwa na ji ta, an riga an yi sadakar uku. Na yi takaba a ɗakin uwata, ko mutum ɗaya daga gidan bai zo mini gaisuwa ba.

Jama'a, in likita ya ce bai tantance ba, bai ce babu ciwo ba, bai kuma ce a nemi maye a cikin gida ba. Ku tambaya da Hausa, ku je inda aka tura ku, ku ji tsoron Allah a kan matan mutane. Babbar 'yata yanzu har ta yi jikoki, tana zuwa gaishe ni da sallah, ta durƙusa ta ce mini Inna. Amma har yau in na ajiye mata tuwo sai ta ce ta ƙoshi.