Injin da Kawu Anya Ya Ɓoye

Shekara talatin yana kafinta, kuma ba a taɓa gaya masa magana ya ce "to" ba. Sai dai ya karkace baki ya ce, "Anya kuwa?" Sunan da ya bi shi ke nan, Kawu Anya. Akwatin kayan aikinsa kwaɗo biyu ne, duk da haka sai ya girgiza su sau uku. Ko matarsa ta ce ana ruwa, sai ya miƙa hannu ta taga.

Da ya tashi mayar da garejin gidansa wurin aiki, dole ta sa ya kira ɗan ƙanwarsa, mai aikin wuta, ya ja masa waya daga babban akwatin wutar gida zuwa ƙaramin akwati a garejin. Matsalar ita ce yaron nan abokin kafintan tsallaken titi ne, wanda Kawu ke gasa da shi. Kawu kuwa ya sayo ƙaton injin tsaga katako a ɓoye, ba ya son kowa ya sani sai ya fara aiki. Sai ya lulluɓe shi da tamfol, ya jera kujeru a gabansa.

"Kawu, inji nawa za ka kunna a nan?"

"Me ya sa kake tambaya? Wa ya aiko ka?"

"Kaurin waya zan zaɓa. Kowane inji da ƙarfin wutar da yake ja, a rubuce yake a jikinsa. In na haɗa su, sai in san wayar da za ta ɗauka."

Kawu ya nuna injin huda katako da na gogewa. "Su ke nan."

Mai wuta ya rubuta, ya ɗauko waya matsakaiciya, ya ɗora tsani. Yana hawa ya hango sawun abu mai nauyi da aka ja a siminti, sawun ya tafi kai tsaye ƙarƙashin tamfol. Ya sauko.

"Wancan fa?"

"Tsohuwar katifa ce."

"Katifa mai ƙafar ƙarfe? Anya kuwa, Kawu?"

Kawu ya ji kalmarsa a bakin wani, ya ji ba daɗi. "Kai, ni kake tuhuma? Ni na yi maka gadon jariri!"

"Allah ya huci zuciyarka. Amma wayar nan ta silin ɗakin Kaka za ta bi. In kaya ya fi ƙarfinta, bireka zai riƙa katse wuta. Na san ka, za ka ce bireka ne ɗan jabu, ka sa babba. Daga nan sai wayar ta yi zafi, ta narke a saman gadonta."

Kaka mahaifiyar Kawu ce, shekara biyu ba ta taka ƙasa. Kawu ya dubi bangon da ya raba garejin da ɗakinta. Can ya ture kujerun da kansa, ya yaye tamfol.

"In abokinka ya ji, kai ne."

"Kawu, ai shi ya taya direba sauke injin ranar da ka tafi asibiti da Kaka."

Aka sauya wayar da mai kauri, kowane inji da nasa bireka, aka kafa ƙarfe a ƙasa aka ɗaura masa wayar kariya don kada wuta ta ja mutum. Mai wuta ya gwada komai a gaban Kawu, ya ce lafiya lau.

Har yau in injin ya yi awa guda yana ruri, Kawu kan kashe shi, ya dafa murfin akwatin wutar ya ji sanyi ƙalau. Ya ce, "Anya kuwa?" Sannan ya leƙa ɗakin tsohuwa, ya shinshina silin.