Yadda Injiniyan Gidanmu Ya Goge Muryar Babana

Ko zan manta da komai a rayuwa, ban da ranar da ƙanin mijina ya yi wa wayata abin da ya kira gyara. Lokacin muna zaune a Ƙofar Marusa, shi kuma bai daɗe da gama wani ɗan kwas na kwamfuta ba, har ya raɗa wa kansa suna Injiniya.

Laifin wayar ɗaya ne, nauyi take yi. Ya jujjuya ta yana taɓe baki, ya ce, "Matar Yaya, kamfani ne ya ɗaure ta. In na buɗe izinin fayilolin cikinta, na ɗora mata wata manhaja, sai ta fi ta Yaya gudu."

Na ce, "Akwai muryar Baba a ciki, saƙonnin da ya riƙa turo mini daga asibiti kafin ya rasu. Ba ni da su a ko'ina."

Ya yi dariya. "Mi zai taɓa su?"

Mijina ya sa baki, wai in ba shi, ai karatunsa ne.

Ya jona ta da kwamfuta yana ta fito. Ashe manhajar da ya sauke ta wani samfuri ce daban, suna ne kawai ya yi kama. Gargaɗi ya fito ɓaro-ɓaro, gwanin ya danna ya wuce. Daga nan waya ta nuna tambarin kamfani ta mutu, ta sake nunawa ta sake mutuwa. Gumi ya karyo masa. Ya zagi caja, ya zagi kamfani, daga ƙarshe ya ce dama wayar jabu ce. Ya kwashe kayansa har da wayar ya shige ɗaki.

Bayan la'asar ya fito yana washe baki. "Ga ta nan, ta tashi!"

Na karɓa na duba ko'ina a cikinta. Wayam. Na ce, "Ina muryar Baba?"

"Ai dole na goge komai kafin ta tashi. Amma kin ga gudun da take yi?"

Na zauna a tsakar gida na yi kuka kamar ranar da aka yi rasuwar. Har yau bai ce in yi haƙuri ba. A majalisarsu ma labarin da yake bayarwa shi ne yadda ya tada matacciyar waya.

Tun ranar na gane, duk wanda ka gaya masa abin da kake tsoron rasawa ya yi dariya, kada ka miƙa masa, ko wa ya sa baki.