Gwiwar Sannu-Sannu

Sannu-Sannu muke ce masa. Mijin ƙanwata ne, tela a shagon da ke kallon rumfata. Sunan ya bi shi ne saboda yadda yake kama almakashi kamar mai ɗaukar ɗanyen ƙwai. Tun yana ƙarami jininsa ba ya tsayawa. In allura ta soke shi da safe, har rana ta take tsumman yatsan yana jiƙe. Kawunsa, ƙanen mahaifiyarsa, cirar haƙori ce ta yi ajalinsa, don haka ya taso yana kaffa-kaffa da duk abu mai kaifi.

Abin da bai sani ba, mu ma ba mu sani ba, ashe jini yana zuba ta ciki. Keken ɗinkinsa na ƙafa ne. In ya yini yana takawa sai gwiwar dama ta kumbura, ta ɗau zafi. Kowa ya ce sanyin ƙashi ne. Mai guga, amininsa, ya ɗauki jinyar. Yakan jiƙa ƙyalle, ya ɗora dutsen guga har ya yi tururi, ya danna masa a gwiwa yana murzawa, yana tsokanarsa wai rigunan da suka fi shi taurin kai ma ya miƙar da su. Sai ya kawo masa ƙwayar ciwon jiki daga kemis. Sannu-Sannu ya haɗiye, ya koma kan keke. Shekaru ana haka.

Ranar da ƙafar ta ƙi miƙewa muka kai shi asibiti. Bayan gwaji likita ta ce jininsa ya rasa wani sinadari mai sa shi daskarewa, gado ne ta wajen uwa. Kumburin nan jini ne ke taruwa a gaɓa. Gashi da murza ƙara shi suke, ƙwayar kuma tsinka jini take. Da ƙanƙara aka sa, ya huta, aka yi masa allurar sinadarin da wuri, da ƙafar ta kai shi tsufa.

Mai guga, da ya raka mu, ya dubi gwiwar. Can ya ce, "Likita, ashe ni nake cinye masa ƙafa?"

"Abin da ka sani ka yi," in ji Sannu-Sannu. "Miƙo min sandata."

Yanzu ana masa allurar, kumburin ya yi sauƙi, amma gwiwar ta riga ta ƙage. Keken yana lulluɓe a lungu. A bakin shago yake zama yana ɗinka maɓalli da hannu. Mai guga kuwa kullum sai ya zo da ƙanƙara ƙunshe cikin wancan ƙyallen, ko gwiwar lafiya take. Sannu-Sannu bai taɓa ce masa ya daina ba.