Idon da nake ɗaukar hoto da shi

Sau uku na kai kyamarata gyara unguwar Adabraka cikin wata biyu, kuma duk sau ukun lafiyarta ƙalau. Tun zuwan farko jikina ya ba ni, amma ni mutum ne mai taurin kai, kowa a lungunmu shaida ne.

Sama da shekara ashirin ina ɗaukar hoton ƙwallo a filayen unguwannin Nima da Maamobi. Da shi na yi aure, da shi nake ci da gidana. In an tashi wasa nakan tsaya bakin titi in jira jemagu su taso daga bishiyoyi gab da magariba, ko da safe in ɗauki tururin koko yana tashi daga tukunyar mai sayarwa. Waɗannan ba mai saye, don raina nake yi. Kuma duka da idon dama nake ɗauka: ka runtse na hagu, ka manna na dama a 'yar tagar kyamara.

Abin ya bayyana ne a wasan ƙarshe na gasar bayan Sallah. Ina tsugune a bayan raga, inda na saba. Ɗan wasa ya sheƙo ta damata, ya ɗirka ƙwallo, fili ya kaure da ihu, ni kuwa wallahi ban ga tahowarsa ba. Da na duba abin da na ɗauka, ga raga, ga mai tsaron gida a kwance, amma wanda ya ci ƙwallon ba ya ciki. Kocin ƙungiyar da ta ci ya zo yana washe baki yana neman hoton, na ce masa kyamara ce ta sanƙare. Ya yarda, don bai taɓa kama ni da ƙarya ba.

Daga ranar na fara lura da wani duhu a gefen dama na 'yar tagar, kamar hayaƙin gawayi. Na goge gilashi har hankicina ya gaji. Na hura, na girgiza, na zagi wanda ya sayar mini da ita. Abu ɗaya ne na ƙi yi: in ajiye kyamarar, in rufe idon hagu da tafin hannu, in dubi duniya haka nan. Ina tsoro. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, haka nasa ya fara, daga gefe, yana ci a hankali, har ya kai in an yi masa sallama sai ya tambayi ko wane ne.

Tsoron sai ya koma faɗa. Na yi faɗa da masu babur da suke ɓullo mini ba zato. Na yi faɗa da matata a kan bokitin da na yi tuntuɓe da shi, alhali shekara da shekaru nan ne mazauninsa. Ta ɗauke shi kawai. Abinci ma in na zauna sai in ture kwanon. Ina sallah ina lissafin wasannin da suka rage a kakar, da abin da zan ce wa kowane koci.

Mai gyaran dattijo ne, Bagaye, wato ɗan ƙabilar Ga, amma a Nima ya tashi, Hausar Zango ce a bakinsa. Karon farko ya kwance kyamarar ya share ta ya ba ni. Karo na biyu ya daɗe yana kallona kafin ya karɓa. Karo na uku ko buɗe ta bai yi ba. Ya jawo wata sabuwa fil daga cikin akwatin gilashi, ya miƙo mini, ya ce in leƙa titi da ita in gaya masa yadda na gani.

Na manna ido. Ga trotro, motar haya, ga mai kwakwa da kurarsa, ga hayaƙin nan a gefen dama, daidai inda na bar shi a tawa. Na sauke ta daga ido. Na ce masa ita ma wannan da matsala, kayan yanzu duk jabu ne.

Ya karɓe ta a hankali ya mayar. Ya ce, "Malam, kyamara ba shi da laifi. Ni ina gyara ƙarfe ne. Je ka asibiti yau, kar ka bari gobe."

Haushinsa ya kama ni har na fita ban yi masa sallama ba. Amma ƙafata ba ta kai ni tashar Nima ba, asibitin ido ta kai ni. Likita ta ce ruwan cikin idon ne ya yi yawa yana danne jijiya. Abin da ya tafi ya tafi, ba ya dawowa. Abin da ya rage za a iya riƙe shi da maganin ɗigawa, safe da yamma, muddin rai. Na tambaye ta na hagun fa, ta ce shi ma za a sa masa ido, kada in kuskura in yi wasa.

Kwana shida ina ɓoye kwalbar a jakar kyamara, ina ɗigawa a banɗaki kamar mai shan abin kunya. Ban san ta inda zan fara gaya wa matata ba. Mace ta auri mai hoto, ka zo ka ce mata idon ya fara tafiya?

Ran na bakwai da safe ta kawo mini koko da ƙosai. Na ce ta zauna. Na yi ta kewaye-kewaye, na kawo zancen mahaifina, na kawo na mai gyara, daga ƙarshe dai na ciro kwalbar na ajiye a tabarma. Ta ɗauka ta jujjuya ta, ta tambayi sau nawa ake ɗigawa. Ko gezau ba ta yi ba, har na ji zafin hakan, na tambaye ta ko ba ta fahimci abin da na faɗa ba ne.

Ta ce, "Malam, dubi inda kofinka yake."

Na duba. Yana gefen haguna.

"Tun kafin azumi nake ajiye maka shi nan," in ji ta. "In na sa a dama, sai ka yi ta lalube."