Shanun Baba a Wayar Kowa

Da na gama sakandare na shiga wani shagon kwamfuta a Dutsin-Ma ina koyon gina shafukan intanet. Ina wata na takwas aka kawo wa Malam, mai shagon, aiki. Wata ƙungiyar makiyaya ta Kurfi ce ke son shafin da mutum zai duba ranar rigakafin shanunsa. Suna, gari, lambar waya, yawan dabbobi, duk suna ciki.

Manhajar da muke aiki da ita hanya biyu gare ta. Ko ka jawo teburin jera bayanai da aka riga aka ƙera, ya kwaso dukan bayanan zuwa wayar mai dubawa, ya ɓoye abin da bai nema ba. Ko kuma ka zauna ka rubuta da hannunka, yadda sai mutum ya tabbatar da lambarsa za a miƙa masa layinsa shi kaɗai. Ta farko aikin yini ɗaya ce, ta biyu sai mako.

Na ce, "Malam, mu bi ta biyun mana. Ɓoyewa fa ba kullewa ba ce."

Ya yi dariya. "Ke da jiya-jiya kika iya kunna kwamfuta? Wa zai tsaya tonon shafin allurar shanu? Jawo tebur mu wuce wurin."

Na jawo. Wannan ne abin da ke cina har yau.

A wurinmu mutum ba ya faɗin yawan shanunsa ko ga maƙwabci, balle yanzu da daji ya lalace. Amma da masu rajistar ƙungiyar suka isa ƙauyenmu Wurma, Baba ya faɗi gaskiya, har ya lallashi maƙwabtansa, wai ai ɗiyarsa ce ke riƙe da na'urar.

Wata ranar kasuwa a Kurfi na tsaya wurin mai cajin waya. Yana ganina ya ce, "'Yar boko! Ashe tsohon naki shanu sha huɗu gare shi, yake mana kukan talauci?"

Ya juyo mini wayarsa. Bai rubuta komai a wurin nema ba, dannawa kawai ya yi, jerin ya zubo gaba ɗaya, gari-gari. Mutum uku na bayansa suna leƙe, ban san fuskar ko ɗaya ba.

Nan take na kira Malam a waya. Ya ce, "Shi ke nan? A bari sai Litinin. An sace wani ne?"

Sai an sace wani! Shi da iyalinsa suna tsakiyar gari, ko akuya ba shi da ita. Na hau mota na koma Dutsin-Ma, na sauke shafin da kaina a gabansa. Ya ce tunda na fi shi sani, in ajiye masa makullin shago. Na ajiye.

Washegari na je Wurma na durƙusa gaban Baba na faɗa masa komai. Bai yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon garken, sannan ya ce, "Su nawa suka gani?"

Na ce, "Wallahi Baba ban sani ba."

Kafin la'asar ya kora shanun zuwa wurin ƙanensa a Dabawa. Daga nan ya bi gidajen maƙwabtan da ya lallasa, ɗaya bayan ɗaya, yana ba su haƙuri.