Kujeru Biyu na Awadiyya

Duk wanda ya san Awadiyya a kotu ya san kujerunta biyu, ɗaya ta mai ƙara, ɗaya ta wanda ake ƙara. Shekara ashirin da huɗu tana alƙalanci a Sudan, ba ta taɓa yanke hukunci alhali ɗaya babu kowa a kai ba. Bahaushiya ce, 'yar mai sayar da gawayi. A makarantar shari'a har dariya ake yi wa Larabcinta, ita kuwa ko a jikinta. Da ta zama alƙaliya, in tsohuwa ta zo tana in-ina sai ta ce, "Iya, faɗi da Hausa, ina jin ki." Manya suka yi ta gunaguni har suka gaji don kansu.

Yaƙi ya koro ta Alƙahira, ta sauka a unguwar Hayyin Ashir, a bene hawa na biyar, ga ciwon gwiwa. Da mutanen garinsu suka yi yawa a unguwar, sarkinsu ya aiko mata da hatimi, ya ce ita ce wakiliyarsa. Aikin wakili kuwa sananne ne: takardar sarki in ta zo, a tsaye ake karanta ta gaban jama'a, ba ƙari ba ragi.

Ran nan takarda ta zo a kan Samar, mai shayi a bakin titi. Dangin mijinta sun kai ƙara wai ta yar da surukarta a hanyar gudu. Sarki ya ce a ƙaurace mata, ba gaisuwa, ba shan shayinta. Shayin nan kuwa shi ke ciyar da 'ya'yanta uku.

Bayan Juma'a falonta ya cika. Awadiyya ta ajiye kujeru biyu. Muhannad, ƙanin mijin Samar, ya haye ɗaya yana hura hanci.

"Ina Samar?" in ji ta.

"Hajiya, ai ba shari'a muka zo ba. Yalla, maza karanta mana kawai."

"Sarki ya ji ta bakinta?"

"Ke fa wakiliya ce yanzu, ba alƙaliya ba!"

Kai, maganar ta soke ta! Tana son sarkin nan, tana kuma son girman da ya ba ta bayan ta rasa komai, ba ta taɓa ɓoyewa ba. Amma ta dubi kujerar da babu kowa, ta ninke takardar, ta ɗora hatimin a kai, ta miƙa wa Muhannad.

"Khalas, shi ke nan. Ku nemi mai karanta muku, bakina bai iya ba."

Ta sunkuci kujerar da kanta, ta sauko hawa biyar tana tsayawa tana nishi, jama'a na leƙe ta taga. Ta dire ta gaban teburin Samar.

"'Yata, zuba min shayi, sukari kaɗan. Sannan ki zauna nan ki gaya min abin da ya faru a hanya."

Samar ta zuba shayin, ta zauna a kujerar. Wata bakwai da zuwanta, ba wanda ya taɓa tambayarta.